Kason Yafendo a Fadamar Kangire

Daga Kangire, zuwa ga Malam Ƙarami.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka sauka Kano lafiya, ka samu masauki na mutunci da abokan zama na gari. Allah Ya tsare ka a hanya da inda hanya ta ajiye ka, Ya sa aikin magatakardan kotun da ka tafi koyo ya zame maka alheri duniya da lahira. Mahaifiyarka ba ta ce a gaishe ka ba, ka san hali, amma sau uku tana tambayata ko na sa ƙullin yajin a cikin saƙon. Na sa.

Labarin gida ba zan ba ka ba. Kwana tara da tafiyarka, awaki ba su sake hali ba. Wata magana ce na kasa faɗa maka ido da ido, shi ya sa na ɗauko bokon yaƙi da jahilcina, ka yi haƙuri da karkacewar layi.

Ina saurayi, ban yi aure ba, na kai shanu biyu kasuwar Gwaram. Na tsaya sayen daddawa wurin wata tsohuwa, ta ƙura mini ido har na tsargu. Can ta ce, "Kai ba ƙanen Hansatu ba ne?" Na ce, "Ɗanta dai, Iya. Ƙanwar Innarmu ce." Tsohuwa ta yi dariya, bakin ba haƙori ko ɗaya, ta ce, "Haka suka ce maka? To, a gai da mutanen Kangire." Ta ƙara mini gyara. Na tafi ina cewa a raina tsufa ne, ya soma taɓa ta.

Hansatun nan ita ce Yafendo ta Gwaram, mai kawo muku dakuwa da salla. Tun da na buɗe ido haka na ji ana kiranta, Yafendo, ƙanwar uwa, haka na koya muku. To, ka gyara zama. Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ce 'yar farin Inna, aka yaye ta, kakarmu ta wajen uwa ta goya ta zuwa Gwaram, ta tashi a ɗakinta kamar autarta. Da kakanka Malam Buba ya rasu ba a ƙirga ta cikin magada ba, kuma ni na yi ƙirgar. Shekara goma sha shida ke nan ina noma kasonta. Na kai maganar kotu a sake rabo, in kuwa ta tabbata, inda igiyar awo za ta faɗa shi ne gefen fadamar da ka dasa mangwaronka.

Mutum biyar suka faɗa mini wannan magana a rayuwata. Tsohuwar daddawa ce ta farko. Na ƙarshen zan ajiye sai ƙarshe, yadda masu tatsuniya suka koya mana.

Kuskurena na farko shi ne ban tambaya ba. Daga Gwaram zuwa gida tafiyar kwana biyu ce da ƙafa a lokacin, na samu sararin tunani har ya yi yawa. Na tuna Inna ba ta taɓa kiran sunan Yafendo ba, in ta zo sai ta ce "mutuniyar Gwaram ta iso". Na tuna ba sa cin abinci ƙwarya ɗaya. Na tuna Malam yakan samu uzurin zuwa garke duk ranar da ta sauka. Duk na gani, na ce ai halin Fulani ne, kunya har da inuwarsu. In ka ji magana ta tsaya maka a rai, ka kuma ji ba ka son bin diddiginta, ka tsaya ka tambayi kanka me za ka rasa in ta zama gaskiya. Ni a lokacin ba gona nake tsoron rasawa ba tukuna, girman babban ɗa nake tsoro.

Malam ya rasu shekarar da aka samu mulkin kai, kana ɗan shekara goma, saura kaɗan ruwa ya sauka. Dagaci ya kai labari, alƙalin Birnin Kudu ya turo muhutinsa, mataimakinsa a shari'a, har gida, don Inna tana takaba ba ta fita. Aka shimfiɗa tabarmi a zaure, ga mai unguwa, ga liman, wanda bai daɗe da zuwa garin ba, ga Baffa Jauro ƙanen Malam. Inna tana bayan asabari. Muhuti ya buɗe littafinsa ya ce, "Inna, 'ya'yan marigayi nawa ne?" Can ta ce, "Ga su nan a gabanku."

Ka lura ba ƙarya ta yi ba. Muna gabansu. Abin da ya rage ta bar wa maza su faɗa, domin a garin su Inna mace ba ta buɗe baki ta ce wance 'yata ce ta fari, ko da wuƙa a wuya. Muhuti ya juyo gare ni. Na ce, "Ni Isiyaku, sai Sule, sai Rabi." Baffa ya yi tari. Ya ce, "Isiyaku, ka ƙirga da kyau?" Na ce, "Haba Baffa, mutum uku ma sai an maimaita?" Aka yi dariya, har muhuti. Ya rubuta, ya fitar wa Inna tumuninta, saura aka raba mana, na dangwala yatsa.

Da aka watse Baffa ya ja ni bayan danga, ya ce, "Akwai ta Gwaram fa." Na ce, "To me ya hana ka faɗa a ciki?" Ya ce, "Uwar tana zaune in riga ta? Kai ne babba, kai aka tambaya." Na ɗaga kai na dubi gabas, na ce, "Baffa, ga hadari yana haɗowa, kowa yana son ya san inda zai yi shuka. A bari ruwa ya ɗauke." Ruwa ya ɗauke, ya dawo, ya sake ɗaukewa. Shekara biyu Baffa ya bi yayansa, da shi da abin da ya sani. Shi ne mutum na biyu.

Don haka ga abin da zan ce maka, kai da za ka zauna da alƙalami a gaban masu makoki. Ranar da aka turo ka rubuta magada, kada ka ƙirga waɗanda suke cin tuwo a gidan. Ka tambayi wa aka fara haifa, wa aka ba da riƙo, wa aka kai wani gari ba a dawo da shi ba. Kuma kada ka tambayi uwar. Ka nemi wanzamin gidan, shi ya yi wa kowa askin suna, ba ya mantuwa, ba ya kuma jin kunyar kowa. In wani dattijo ya yi tari a wurin rabo, ka ajiye alƙalami ka ba shi ruwa, ka fita da shi waje. Mai gaggawar a gama kuwa, irina, ka dube shi sau biyu.

Kuskure na gaba ya fi ba ni kunya, don a cikinsa har yabo na sha. Bayan rasuwar Baffa maganar ta riƙa taso mini, sai na samo mata magani. Duk kaka in ɗaure dami huɗu na dawa da ɗan buhun shinkafar fadama in aika Gwaram. Yafendo ta aiko da godiya, "Allah Ya yi wa ɗan nan albarka." Gari ya ɗauka, wai a zumunci ba kamar Isiyaku. Sule ƙanena har ce mini ya yi, "Yaya, in haka ake yi, ni ma ka mai da ni Yafendo mana." Na yi murmushi irin na manya. Hatsin gonarta nake aika mata, tana yi mini godiya, ina amsawa. Malam Ƙarami, abin da yake hakkin mutum kada ka naɗe shi cikin kyauta ka miƙa masa. Mai kyauta yana iya fasawa ranar da ya ga dama, ni ma shekarar da damina ta yi gardama dami biyu na aika, ban ji komai ba.

Shekarun farin nan da suka wuce su suka tona ni. Mijinta ya rasu, 'yan shanunsu suka ƙare, gonar mijin ta tafi ga 'ya'yansa da danginsa, abin da ya zo hannunta bai kai a faɗa ba. Na je gaisuwa ban same ta a gida ba. Aka nuna mini masussukar wani attajiri a bayan gari. Na tarar da ita cikin mata tana sheƙe hatsin mutane, ƙaiƙayi har gira, don a auna mata abin tuwo da yamma. Ta juyo ta gefe, sai na ga Malam tsaye, hancin, da yadda yake karkata kai in rana ta dame shi. Ban ƙarasa ba. Na koma tasha na zauna.

Daga nan na shiga neman takarda, nan ma na yi wauta iri-iri. Ranar rabo an ce in biya a ba ni kwafin hukunci, na ce me zan yi da shi, ai kowa ya san gonarsa. To ga ni a kotun Birnin Kudu hannu rabbana, bayan kotuna sun bar hannun En'e sun koma na gwamnati, ma'aikatan duk sababbi. Magatakarda, wani mai haƙuri, ya ce, "Sunan mamaci?" Na ce, "Malam Buba." Ya ce, "Baba, Buba nawa kake jin sun rasu a ƙasar nan? Ɗan wa? Wane wata? Zamanin wane alƙali?" Na ce, "Wani dogo mai furfura." Ya ce, "Allah Ya ba ka haƙuri, Baba, dukkansu da furfura." Sau uku ina taka keke zuwa Birnin Kudu kafin a samu hukuncin, ashe da sunan Malam na yanka aka rubuta, Abubakar ɗan Usmanu, sunan da ban taɓa jin an kira shi da shi ba. Aka karanta mini. Magada: mata ɗaya, 'ya'ya uku. Ga yatsana a ƙasa. Na sha wahalar wata biyu don in je in ji abin da bakina ya faɗa.

Ina fitowa na zauna gindin ɗorawar bakin kotu, kusa da wani tsoho, Malam Sa'idu, wanda ya yi aikin muhuti shekaru kafin ya ajiye. Yanzu ba abin da yake yi sai zuwa kallon masu shari'a, wai gida ba hira. Na ba shi goro, na ba shi labari. Ya ce, "Kai dai ba ka da wayo, ko da yake marasa wayon su suka fi kawo goro mai kyau. Littafin ubanka me zai gaya maka, ban da abin da ka gaya masa? In matar nan 'yar kakarka ce, ai ta ci gadon kakarka. A can za ka duba. Yaushe tsohuwar ta rasu?" Na ce, "Shekarar da fara ta cinye gero, ina yaro." Ya ce, "Yawwa, yanzu ka yi magana. Wannan shekarar na san ta."

Ranar kasuwa muka hau mota zuwa Gwaram, ni da shi. Aka ba mu izini, aka fito mana da littattafan wancan zamani, ɗaure da igiya, duk da Larabci. Wuni biyu Malam Sa'idu yana lasar yatsa yana buɗawa, yana tsayawa yana ba ni labarin mutanen da ya gani a ciki, wane ya yi rigima kan jaki, wane ya musanta ɗan'uwansa kan rijiya. Rana ta biyu bayan azahar yatsansa ya tsaya a kan wani shafi. Ya karanta a hankali, yana fassara mini. Magadan kakarmu uku ne, Inna da 'yan'uwanta maza biyu. Ba Hansatu. A ƙasa kuma an rubuta wasiyya: karsana ɗaya, ga jikarta Hansatu 'yar Abubakar na Kangire.

Ya rufe littafin ya ce, "Ka san ba a yi wa magaji wasiyya. Tsohuwar nan ta san shari'a, ta kuma san ku. Ta san a gidanta yarinyar ba ta da gado, ta yi tsammanin a gidan uba za a manta da ita. Shi ya sa ta sa aka rubuta sunan uban." Shi ne na uku, ko in ce kakata ce ta faɗa mini da bakinsa. A wannan karon na biya, na karɓi kwafi, yana cikin gafakar Malam a ɗakina.

Kai da za ka riƙe irin waɗannan littattafai, ka rubuta sunan yanka, ka rubuta wanda ake kiran mutum da shi, da sunan uba da unguwa. Wanda ya ce ba ya son kwafi, ka lallashe shi ya karɓa. In baƙauye ya zo maka da shekarar fara ko shekarar da aka koma tuƙi hannun dama, kada ka yi masa dariya, kalandarsa ke nan, kuma ba ta kuskure. Ka nemi tsofaffin da suka riga ka aikin, ka riƙa ajiye musu goro. Layi ɗaya da wani magatakarda ya rubuta kafin in yi wayo, bai san ni ba, ban san shi ba, shi ya tsaya wa Yafendo shekara arba'in.

Daga kotu na wuce gidanta. Na zauna a ƙofar ɗaki, na rasa ta inda zan fara, sai na ce, "Yaya." Tana tsinke zogale, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Wa ya gaya maka?" Na ce, "Littafin alƙali." Ta ce, "Oho. Littafi ba shi da kunya." Na ce, "Kin sani?" Ta ce, "Tun ranar ɗaurin aurena, da aka aiko waliyyi daga Kangire aka ba da ni." Na ce, "Me ya hana ki zuwa ranar rabo?" Sai ta ɗago. Ta ce, "In zo in tsaya gaban maza in ce wance ce ta haife ni, tana zaune bayan asabari? Ita ba ta faɗa ba, ni zan faɗa? Na ɗauka kai za ka faɗa, Isiyaku. Dawarka tana da daɗin tuwo, ban ƙi ba." Ban taɓa jin magana mai laushi da ta dake ni kamar wannan ba. Ita ce ta huɗu.

Na shigar da magana gaban alƙali. Ya duba kwafin biyu, ya ce takarda ta nuna hanya, amma rushe rabon da aka yi shekara goma sha shida yana son shaida mai rai, tunda Sule ya ce shi bai san zancen ba. Ban ga laifin Sule ba, ni na koya masa Yafendo. Ya riga ya sayar da kasonsa lokacin da aka zo aikin titi, Rabi kuwa nata bai taka kara ya karya ba. Na ce in ta tabbata a cire duka daga nawa, tunda ni na yi ƙirgar. Tudu akwai inda za a yanka, amma a fadama ba ni da wani wuri sai gefen mangwaronka. Wanzamin ya rasu, Baffa ya rasu, tsohuwar daddawa ta daɗe da zama ƙasa. Mai rai ɗaya ya rage da ya ga haihuwar, ka san ko wace ce. Sau biyu ina zuwa ɗakin Inna da maganar, tana jin na doso ta sai ta ce ƙafarta ke ciwo, in kira mata Rabi.

Na san shekara biyar kana ɗaukar ruwa a tulu kana ba itatuwan nan, na san da su ka yi niyyar fara gida. Ban shawarce ka ba kafin in yi alkawari da su, wannan ma kuskure ne, na baya-bayan nan, ka yafe mini. Ba zan ce kada ka ji zafi ba. Abin da nake roƙo, in an sa ranar awo bayan kaka, ka nemi izini ka zo, ka kama bakin igiyar da hannunka, ka dasa gambar iyaka da kanka. In kuma Allah Ya karɓi raina kafin nan, kada ka ce a bari ruwa ya ɗauke.

Saboda kada a maimaita a kaina, ga magadana, na rubuta da hannuna, ka ajiye takardar nan. Inna, in ta riga ni ko na riga ta, Allah Ya sani. Mahaifiyarku. Sai Amadu, da Safiya, da Ladi da take riƙo a Surko wurin gwaggonta Rabi, kada a manta da ita. Sai ɗana na fari, wanda shekara ashirin da shida ina kewaye sunansa, ina cewa Malam Ƙarami, ina cewa yaron nan. Abubakar. Ga shi na rubuta, hannuna bai karye ba.

Allah Ya kiyaye ka daga sharrin gari da sharrin alƙalami, Ya tsare idonka da hannunka, Ya haɗa ka da alƙalai masu tsoron Sa. Ka riƙe salla, ka ci abinci, ka rubuto. Allah Ya dawo mana da kai lafiya.

Saura na biyar. Ranar da ka tafi, ƙannenka suka raka ka bakin titi, ni ban je ba, ka sani. Na tsaya bayan rumbu ina gyaran jinkar da ba abin da ya same ta, ina leƙen ƙurar motar. Ashe ana kallona. Na juyo na ga Inna zaune a ƙofar ɗakinta, da mazari a hannu, ba ta kaɗi. Ta ce, "Kai ma bayan rumbu ka ɓuya?" Na saki jinkar. Ta ce, "Nan na tsaya ranar da aka goya ta. Rumbun ne kawai aka sake." Ta daɗe tana duban hannunta. Sannan ta ce, "Hansatu. Ni na haife ta, ranar wata Laraba, ana girbin gero. Je ka kirawo mutanen alƙali tun ina da baki."

Muhuti zai zo ranar Litinin. Wadda ta faɗa mini a ƙarshe ke nan, kakarka, Inna.

Wassalam. Ni ne mahaifinka,
Isiyaku Buba, Kangire.